Wuyan da Ya Manta Hanya

Shekara talatin wuyana na ɗaukar dami
daga fadamar Auyo zuwa gindin rumbu,
bai taɓa cewa ya gaji ba.
Hannu ne ya fara kai ƙara:
yatsu uku suka mutu a tsaye,
lauje ya faɗi, ban ji faɗuwarsa ba.

A Kano likita ta ɗaga hoton ƙashina ga fitila.
Ta ce, Baba, ga inda jijiya ta matse
kamar wutsiyar akuya a bakin ƙyaure.
Hanya biyu ce zuwa wurin:
ko mu buɗe zaure gaba ɗaya,
mu janye nama gefe, mu gani da ido,
ko mu huda 'yar kafa irin ta gara,
mu zura bututu, mu leƙa da madubi.

Sai na tuna Tambaya maƙeri, maƙwabcina.
Shi zaure aka buɗe masa bara waccan.
Tabonsa daga ƙeya har tsakanin kafaɗu,
kunya guda da garma ta ja ba hutu.
In ka kira shi ta baya
ɗungurungum yake juyowa, kamar randa.
Na ce, likita, a bi ta kafar gara.

Kwana uku na dawo gida da ƙafata.
Tabona bai fi ƙwayar gurjiya ba,
sai da Hansai ta ja ni bakin ƙofa kafin ta gan shi.
Na nuna shi a majalisa, na nuna shi a kasuwa,
har ga waɗanda ba su tambaya ba.
Na tausaya wa Tambaya da babbar murya,
yadda zai ji daga maƙera.

Ranar Juma'a muka tsaya sahu ɗaya.
Liman ya yi sallama.
Na juya dama, kai ya zarce
kamar jakin da ya hango gida.
Na juya hagu, ya toge a rabin hanya yana karkarwa.
Na dawo tsakiya, ashe ba tsakiya ba ce:
taga nake kallo, ina zaton alƙibla.
Tambaya bai ce uffan ba.
Tari kawai ya yi, ɗan gajere.

Bayan isha'i sai ga shi da tocila da tsumma.
Ya zana da'ira da gawayi a bangon zaurena,
faɗinta kamar faifai,
ya ɗaure mini tocilar a kan hula.
Ya ce, haka masu gashi suka koya mini a asibiti.
Saka hasken a tsakiya. Rufe ido.
Juya. Dawo inda kake jin ka baro.
Buɗe.

Hasken na can kan buzun salla,
kamu biyu daga faifan.

Ya ce, wuƙa ta cire abin da ya danne ka,
ba ta mayar wa wuya hankalinsa ba.
Naka ya warke da wuri, ban musa ba,
ni wata biyu na yi ina kwanan zaune.
Amma ɓarawo ko ta zaure ya shiga ko ta kafar gara,
da safe sai mai gida ya sake lissafin kayansa.

Yanzu kullum dare muna nan, tsofaffi biyu,
kowa da wata a goshi,
muna bin layin gawayi sannu, kamar mai zare ƙaya.
Jikoki na ƙirga mana da tsakuwa.
Damin bana amalanke ya kawo shi,
gammona kuwa kaza ta yi ƙwai a ciki.

Jiya haskena ya faɗa faifai sau bakwai cikin goma.
Na Tambaya sau takwas.
Na ce batirina ne ya yi sanyi.
Ya juyo ya dube ni,
da wuya kaɗai,
kafaɗunsa ba su motsa ba.